Na Yi Wa Hancin Matata Aikin Kujera

Goggo, don Allah ki taimake ni, kuma ki taimaka da wuri, domin abin da nake tsoro saura mako uku ya faru. Ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba. Hannuna ya fi sabawa da almakashi da allura, saboda haka in kin ga ina ta kewaye-kewaye ki yi haƙuri da ni.

Sana'ata gyaran kujeru ce, na mota da na falo, shekara ashirin da biyu ke nan ina yi. Ki kawo mini kujerar da sosonta ya mutu, fatarta ta yage, in mayar miki da ita har mai ita ya yi musun tasa ce. Ba talla nake yi ba, so nake ki gane inda wautata ta samo asali.

Matata malamar firamare ce, ni ma Malama nake ce mata tun kafin mu yi aure. Shekararmu goma sha huɗu tare, 'ya'yanmu uku, duk mata. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya ta faɗo daga kan keken yayanta, hancinta ya karye, aka bar shi ya haɗe yadda ya ga dama. Ya karkace zuwa hagu, ƙofa ɗaya kusan a toshe. Ni dai haka na gan ta, haka kuma na so ta. Har tsokanarta nake yi cewa hancin ne ya nuno mata ni, don ranar da muka fara haɗuwa a hagunta nake tsaye. Amma ita ta sha wahala. Da baki take numfashi, in ta yi darasi biyu a jere maƙogwaronta ya bushe ƙamas, mura kuwa in ta kama ta sai ta yi wata guda ba ta sake ta ba. Duk hotunan da ke bangon falonmu ta gefen dama aka ɗauke ta, don ba ta yarda ta fuskanci kyamara.

Wata biyar da suka wuce aka yi mata tiyata, a buɗe hanyar numfashi a kuma miƙe hancin. Kafin ranar mun je ganin likita tare. Ya sa yatsu biyu ya ɗan matsa kan hancinta, ya ce fatarta mai kauri ce, sai ta yi haƙuri da ita. Ni kuma bakina bai iya zama shiru ba, na ce ai mun gode Allah, lamba ɗaya ke nan, mai kauri ita ce mai ƙarko, ba ta tsagewa ko an yi shekara goma ana zama a kanta. Likita ya yi dariya, Malama ta taka mini ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Ya ci gaba da bayani mai tsawo, amma gaskiya ban ji rabinsa ba, ina can ina jin daɗin barkwancin da na yi.

Aiki ya yi kyau ta wajen numfashi, wannan kam ba zan ɓoye ba. Mako uku da cire mata abin da aka toshe hancin da shi, na dawo daga shago ta ce in je in yi wanka, warin gam nake yi. Shekara goma sha huɗu ina shigowa da wannan warin ba ta taɓa sani ba. Muka yi ta dariya har ta riƙe fuska don kada ɗinki ya motsa. Karan hancin ma ya miƙe sarai. Sai dai kan hancin, wato can ƙarshensa, ya zama dunƙulalle, da tauri, yana sheƙi, in ta taɓa ma ba ta ji sosai. Da safe ya fi girma, zuwa yamma ya ɗan sauka, gobe kuma a koma gidan jiya.

Abin da ya ƙara dagula mana lissafi shi ne wata mata da aka kwantar a gadon da ke kusa da nata. Rana ɗaya aka yi musu, likita ɗaya. Suka yi musayar lamba, matar ta riƙa turo hotuna. Wata biyu kacal, hancinta ya fito siriri tsaf, kamar da shi aka haife ta. Malama sai ta sa yatsu biyu ta buɗe hoton ya cika waya, ta daɗe tana kallo, sannan ta tashi ta shiga banɗaki wajen madubi. In ta fito sai ta ɗauko littattafan ɗalibai ta hau maki. Ni kuma ina zaune zuciyata tana ƙuna, don ban iya ganin abu bai zauna daidai ba in ƙyale.

To, ga inda na yi ɓarnar. A sana'armu, in za ka ja fata mai kauri a kwanar hannun kujera, ba ta kwanciya da daɗi. Sai ka ɗumama ta, ka shafa mata mai, ka bi ta da babban yatsa a hankali har ta ɗauki siffar katakon da ke ƙarƙashi. Na yi haka sau dubu. Sai na ce a raina, ai likita da bakinsa ya ce fata ce mai kauri, ni kuwa wa ya fi ni sanin fata? A mako na goma na fara. Kullum da yamma in na dawo, ta kwanta a doguwar kujera ta ɗora kai a cinyata, yara suna gefe suna aikin makaranta. In jiƙa tawul da ruwan ɗumi in ɗora mata, in shafa man zaitun, in bi da yatsa daga sama zuwa ƙasa kamar minti goma sha biyar. Har na yi tunanin ɗauko abin hura iska mai zafi da muke amfani da shi a shago, Allah dai ya rufa asiri ban ɗauko ba.

Goggo, ba zan yi miki ƙarya ba, mun ji daɗin wannan zaman. Rabon da mu zauna haka tun haihuwar ta biyu. Wani lokaci barci yake ɗauke ta, in hana yaran motsi. Mako uku muna yi. Amma hancin maimakon ya sauka sai ya ƙara tashi, ya yi ja, ƙananan ƙuraje suka feso a kansa. Na ce mata ai haka fata take yi kafin ta saki.

Ran nan ina shago ina neman wani awo da na rubuta, na laluba aljihun tsohuwar rigar aikina, na ciro takarda a ninke. A bayanta awon kujerar wata motar haya ne da rubutuna. Da na juya, ashe takardar asibiti ce. Nas ta miƙo mini ita ranar sallama, saboda Malama maganin barci bai gama sakinta ba, ni kuma na cusa a aljihu na manta. Layi na huɗu ya ce kada a danna hancin, kada a murza, kada a gasa shi da wani abu mai zafi, sai in likita ne ya nuna yadda za a yi. Na karanta sau uku. Na zauna a kan wata kujera da na riga na cire wa soso, ban ma ji ƙarafan suna sukata ba. Daga nan na ninke takardar na tura ta ƙarƙashin almakasai a aljihun tebur, tana nan har yau.

Tun ranar ban sake taɓa fuskarta ba, kuma ban gaya mata dalili ba. Ta kawo tawul na ce yatsana yana ciwo. Washegari ta kawo na ce akwai gam a hannuna. Ta kawo na uku na ce na gaji. Ba ta sake kawowa ba. Yau kusan wata biyu ke nan. Kullum da safe ina satar kallon hancin in ga ko ya sauka, in ta juyo in kau da kai. Ƙanwarta ce ta same ni a shago makon jiya, ta ce yayarta ta yi mata kuka, wai ƙyamar fuskarta nake yi, wai har gara karkataccen hancin, don da shi na aure ta. Na tsaya ina juya tsinken allura a hannu kamar wawa.

Yanzu ita duk laifin a kan likita ta ɗora shi. Ta ce ya yi wa waccan aiki mai kyau ita ya yi mata na gaggawa, maganar kaurin fata kuma hanyar kare kai ce kawai. Ta ƙi zuwa ganinsa a wata na huɗu kamar yadda aka rubuta mata. Ita da ƙanwar suka je wajen wani likitan, wanda ya dube ta minti biyar ya ce zai iya sake buɗewa ya rage naman. An ba ta rana, nan da mako uku.

Goggo, shin ni na lalata mata hanci? Shin da gaske kaurin fata yana jawo wannan jinkirin, ko dai tana da gaskiya a kan likitan? Kuma akwai hanyar da zan hana ta wannan tiyata ta biyu ba tare da na tona wa kaina asiri ba? Matar nan duk inda ta zauna sai ta ce hannun mijinta ba ya ɓata abu. Ina jin kunyarta, ina kuma tsoron a sake sa mata wuƙa a kan laifin da ba na likita ba. Ina son ta fiye da yadda na iya faɗa, kuma ban san ta inda zan fara ba.

Naki,
Mai Gyaran Kujera

*

Ɗana mai kujera,

Na yi dariya da na kai wajen lamba ɗaya, na kuma daina da na kai wajen tawul na uku. Na yi aikin jinya shekara talatin kafin in zauna a wannan teburin, na kuma kai wasiƙarka wajen wata likitar tiyata da muka yi aiki tare, don kada ni ma in yi irin karambaninka. Amma ka sani daga takarda ba a duba hanci. Abin da zan faɗa maka haske ne kawai, hukunci yana wajen wanda zai gani ya taɓa.

Likitan farko bai yi wa Malama ƙarya ba, kuma kai ne ya kamata ka fi kowa gane maganarsa. Shi likita ƙashi da guringuntsi yake gyarawa, wato katakon da ke ciki. Fata kuwa mayafi ce, sai ta kwanta sannan a ga aikin. Siririya tana saurin kwanciya, shi ya sa maƙwabciyar gadonku ta ga nata da wuri. Mai kauri tana da maiƙo da yawa, musamman a kan hanci, tana riƙe ruwa, kumburinta yana daɗewa. Ba abin mamaki ba ne ta kai shekara guda, ko shekara da rabi, wani lokaci ma fiye, kafin a ga ainihin siffar. Kan hanci shi ne yake sauka a ƙarshe. Taurin nan da rashin jin taɓi duk an saba ganinsu. Yadda ka ce yana tashi da safe ya sauka da yamma ya fi kama da kumburi, domin abin da aka gina ba daidai ba ba ya canja girma tsakanin safe da yamma.

Kuma kowace fata da nata halin. Ka san siririyar ledar kujera ba ta rufa wa mai aiki asiri, ko kan ƙusa sai ta nuna. Haka siririyar fatar hanci, bayan shekara ɗaya ko biyu takan ƙara ɗamewa har ɗan tudun da bai kai komai ba ya fito. Mai kauri tana ɓoye irin wannan, sai dai ba ta cika ba da tsini siriri sosai ba ko bayan ta gama sauka. Gara Malama ta san wannan tun yanzu, ta daina auna fuskarta da ta wata. Ba hanci ɗaya suka shiga da shi ba, ba kuma ɗaya za su fito da shi ba.

Inda ka kuskure shi ne fatar shagonka matacciya ce, sai an ja ta. Ta Malama da rai, da jini yake gudana a cikinta, ita take janye kanta da kanta in an bar ta. Zafi yana kiran jini da ruwa zuwa wurin, murza tana tayar da abin da yake ƙoƙarin kwanciya, mai kuma yana toshe ƙofofin fatar da dama can mai maiƙo ce. Ja da ƙurajen da ka gani ke nan.

Ko ka lalata? Abokiyar aikina ta ce da wuya. A mako na goma ƙashi ya riga ya kama, abin da ya fi yiwuwa shi ne ka mayar da hannun agogo baya. Amma da wuya ba ta zama a'a ba sai likita ya duba. Abin da ya fi damuna ma ba yatsanka ba ne, ganin likitan da ta tsallake ne. A fata mai kauri wani lokaci tabo yakan taru daga ciki, a saman kan hanci, kuma a waɗannan watannin ne ake iya tare shi cikin sauƙi, ko da filasta da ake koya wa mutum liƙawa, ko da 'yar allura da likita yake yi in ya ga da buƙata. In aka bari ya ƙanƙame, aikin ya fi haka wuya. In kuwa akwai zafin ciwo, ko ruwa yana fita, ko zazzaɓi, ko jan yana yaɗuwa, kada ku jira rana, ku tafi yau.

Tiyata ta biyu a wata na shida, ban goyi baya ba. Masu wannan aiki galibi ba sa sake buɗe hanci kafin shekara ta cika, sai in wata larura ce ta dole. Wanda ya yanka a kan kumburi bai san me yake ragewa ba, kuma kowace wuƙa tabo take ƙarawa, a fatar da tabo shi ne babbar matsalarta. Rage naman ma yana da iyaka, don ta nan jini yake ciyar da fatar. Ba na cewa likita na biyu mugu ne, shi ma bai san da tawul da man zaitun ba. Neman ra'ayin wani likita haƙƙinta ne, in ta ga dama ta nemi na uku, amma kowanne a ba shi labarin a cike.

Kada kuma ka ɗauki Malama a matsayin mai gajen haƙuri. Kusan shekara talatin tana juya wa kyamara gefe guda. Ta yi ƙarfin hali ta kwanta aka yi mata aiki, yanzu kullum tana tsayawa gaban aji da fuskar da ba ta gane ba tukuna, ta dawo gida mijin da yake ɗora kanta a cinya ya koma yi mata ƙaryar ciwon yatsa. Ko ni ce zan nemi wanda zan ɗora wa laifi. Fuskarta ce, ita za ta yanke shawara, amma yanzu tana yankewa ne da rabin labari, sauran rabin yana ƙarƙashin almakasanka.

Saboda haka hanyar da ka roƙa, ta hana ta ba tare da ka faɗi gaskiya ba, ba ni da ita, kuma ko ina da ita ba zan ba ka ba. Ka ɗauko takardar yadda take, da awon motar a bayanta. Ka sami lokacin da yara ba sa nan, ka miƙa mata, ka nuna mata layi na huɗu. Ka gaya mata ranar da ka gani da dalilin da ya sa ka janye hannu. Kada ka fara da barkwanci, na ga kana da wannan halin. Za ta yi fushi iri biyu, ƙarami a kan murzar, babba a kan shirun wata biyu. Ka tsaya ka karɓa, kada ka tare ta da cewa ai don kana son ta ne, ta san wannan, shi ya sa abin zai yi mata zafi. In ta huce, ka roƙe ta ku koma wajen likitan farko tare kafin ranar da aka ba ta, kuma da bakinka za ka zayyana masa komai, har yawan kwanakin. Wannan karon ka saurari bayaninsa har ƙarshe, ka rubuta a takardar da ba ta awo ba.

Kafin nan, ta riƙa kwanciya da matashi biyu don kai ya ɗaga, ta rage gishiri, ta kiyayi rana mai zafi da tururi a fuska. In tana sa tabarau wajen maki, ku tambayi likita ko nauyinsa yana da illa yanzu. Hoto sau ɗaya a wata ya isa, a bakin taga ɗaya, a lokaci ɗaya, ta kwatanta da nata na watan baya. Mai duba madubi kullum ba ya ganin saukar kumburi.

Abu na ƙarshe ba na likita ba ne. Wata biyar kana duba matarka yadda kake duba aikin da ba ka gama ba, ita kuma tana ganin kana dubawa. Ba ta kawo kanta gyara wajenka ba, ɗana. Gobe da safe in ta juyo, kada ka kau da kai, kuma kada ka tsaya a hanci. Ka ɗaga ido sama kaɗan, akwai mace a wurin da ta yi wata biyu tana jiran mijinta ya dube ta.

Allah ya ba Malama lafiya mai ɗorewa, ya sauke kumburin cikin sauƙi, ya kuma ba ka ƙarfin zuciyar buɗe wannan aljihun tebur. Ka gaishe mini da ita da 'yan matan uku.

Goggonku